Ful Ofshin ko Daidai Buƙata? Muhawara kan Zaɓen Kayan Sabuwar Mota

A wuraren sayar da motoci na Kano da Kaduna akwai kalmar da dillali ke ɓoyewa sai ciniki ya fara tsami. Mai saye ya zagaya mota, ya daki taya da ƙafa, ya leƙa injin, ya taya ƙasa da kuɗin da aka sa mata. Sai dillali ya buɗe ƙofa ya shafa kujerar fata, ya danna maɓalli rufi ya zuge, ya sa giyar baya hoton bayan mota ya fito a allo. "Alhaji, duba da kyau. Wannan ful ofshin ce, babu abin da aka rage mata." Daga nan farashi ya tsaya cak.

Kowane ɗaya daga cikin kayan nan wani ne ya zaɓe shi. Shekara takwas ko goma da suka wuce, wani mutum a Jamus, inda aka saba yin odar mota a jira ta makonni ko watanni, ya zauna da takardar zaɓi yana cewa a sa wannan, a bar wancan. A Amurka sau da yawa dila ne ke yin zaɓin, mai saye ya ɗauka daga cikin waɗanda ke ajiye a fili. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. Abin da mai saye na farko ya zaɓa, da shi na biyu da na uku za su rayu. A nan gida ma akwai masu odar sabuwa dal: ma'aikatun gwamnati, bankuna, kamfanoni, ƙungiyoyin agaji, da ɗaiɗaikun masu hali. Tambayar da ke gabansu ita ce wadda ta raba masu motoci gida biyu: a ɗora wa mota duk abin da aljihu zai iya, ko a tsaya a kan abin da ba makawa?

Yadda zaɓi ya shiga kasuwar mota

Henry Ford ya gina arzikinsa ne a kan rashin zaɓi. Motarsa Model T ta fito a 1908, kuma daga 1914 zuwa 1925 baƙin fenti kaɗai ake yi mata, domin abin da ya zama iri ɗaya ya fi saurin haɗawa kuma ya fi araha. Dabarar ta ci: farashi ya sauko daga dala 850 zuwa 260, an sayar da fiye da miliyan 15. Sai Alfred Sloan na kamfanin General Motors ya ɓullo ta wata hanya. Ya jera motoci kamar matakala, daga Chevrolet ta mai ƙaramin ƙarfi zuwa Cadillac ta attajiri, ya kawo launuka, ya riƙa sauya fasali duk shekara. A 1927 Ford ya daina ƙera Model T. Tun daga lokacin masu ƙera motoci suka gane cewa riba mai kauri tana cikin ƙarin kaya.

Yau mai oda yakan buɗe shafin kamfani a intanet ya ga motar tana juyawa a gabansa. Ya zaɓi injin, ya zaɓi giya, launi, girman wili, irin kujera, irin fitila, a gefe guda kuma farashi na ta hawa da kowace dannawa. Kamfanonin Jamus sun yi suna wajen doguwar takarda: a Porsche, fentin da mutum ya zaɓi launinsa na musamman kaɗai yakan haura dala 10,000. Na Japan sun fi son matakai ƙayyadaddu, shi ya sa masu Camry a Najeriya suka san bambancin LE da SE da XLE.

Hujjar masu cewa a ƙara

Masu wannan ra'ayi sukan fara da tarihi, kuma tarihin yana bayansu. Kusan duk abin da ke ceton rai a mota yau, da farko kayan zaɓi ne na masu kuɗi. A 1956 Ford ya sayar da bel ɗin kujera a matsayin ƙari. Tsakanin 1974 da 1976 General Motors ya sa jakar iska cikin jerin zaɓi na wasu manyan motocinsa, masu saye suka yi biris da ita har aka janye ta. Birkin ABS, wanda ke hana taya ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi, ya shigo Mercedes S-Class a 1978 da kuɗinsa daban. Na'urar daidaita mota a kwana, wadda ke kama birkin taya ɗaya ɗaya idan mota ta fara zamewa, ta fito a 1995 a mota mafi tsada ta kamfanin. Sai da ƙaramar A-Class ta kife a wani gwajin kauce wa dabba a Suwidin a 1997 kafin kamfanin ya sa na'urar a kowace A-Class.

Alkaluma sun biyo baya. Cibiyar IIHS da kamfanonin inshora na Amurka ke ɗaukar nauyi ta gano cewa na'urar daidaita mota tana rage haɗarin mutuwa a hatsarin mota ɗaya da kusan rabi, birkin gaggawa mai kama kansa kuma yana rage karo ta baya da kusan rabi. Daga nan doka ta shigo. Turai ta wajabta na'urar daidaitawa ga duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014, Amurka ta wajabta kyamarar baya daga Mayun 2018, birkin gaggawa kuma ya zama dole a Turai daga Yulin 2024. Masu cewa a ƙara suna tambaya: wanda ya ƙi jakar iska a 1975 don ya rage kuɗi, tsimi ya yi ko ganganci?

Hujjarsu ta biyu ita ce akwai abin da ba ya ƙaruwa bayan mota ta bar masana'anta. Ana iya sauya rediyo, ana iya yi wa kujera riga. Jakar iska ta gefe kuwa tana cikin jikin kujera da ginshiƙin rufi, haɗe da ƙwaƙwalwar mota, babu bakaniken da zai dasa ta daga baya. Ko abin da ake iya dasawa ma, duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yanka wayoyin sabuwar mota a bakin titi don a liƙa allo ko fitila ya san abin da ke biyo baya: batir ya riƙa mutuwa da dare, fis ya riƙa ƙonewa, garantin kamfani kuma ya shiga rigima.

Ta uku ita ce zaman yau da gobe. Mota wurin zama ce na awanni. Direban da ya kwashe sa'a biyu a cunkoso yana taka kuloci ya san darajar giya atomatik. Mai tafiyar Kano zuwa Maiduguri, kusan kilomita 600, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ba zai kira na'urar sanyi mai ƙarfi ko kujera mai tallafe baya almubazzaranci ba, domin gajiyayyen direba shi kansa hatsari ne. Suna rufewa da maganar dillalin nan: ranar sayarwa, ful ofshin ba ta kwana a kasuwa. Araha, in ji su, ba ta ado.

Hujjar masu cewa a rage

Ɗaya ɓangaren ya fi zama kusa da gareji, kuma daga can yake kawo shaidarsa. Duk abin da aka ƙara wa mota, an ƙara mata abin lalacewa. Ga babbar jif mai tashi da sauka a kan jakunkunan iska maimakon sifirin. Tana sabuwa tafiyarta kamar a kan ruwa. Bayan 'yan shekaru robar ta tsage, a wayi gari a same ta durƙushe a ƙofar gida, gindinta na shafar taya. Mai ita ya zagaya Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ya ji kuɗin jaka ɗaya da na famfon da ke hura ta, ƙarshe ya ce wa bakanike: "Malam, cire min su gaba ɗaya, ka mayar da ita sifirin." Abin da mai saye na farko ya biya kuɗi mai yawa a sa, na biyu ya biya a cire.

Haka rufin gilashi. Yana da ƙananan magudanan ruwa da ƙurar hunturu ke toshewa, damina na sauka ruwa ya tsiyayo cikin mota. Haka gilashin gaba mai kyamara a manne: idan dutse ya fasa shi, sauya gilashi bai isa ba, sai an sake saita kyamarar da na'ura ta musamman. Ƙungiyar masu motoci ta AAA a Amurka ta lissafa a 2023 cewa waɗannan na'urorin taimaka wa direba suna iya kai fiye da kashi ɗaya bisa uku na kuɗin gyara bayan karo. A can ke nan, inda kayan aiki da masu aikin suke birjik.

Masu wannan ra'ayi suna da motocin da suke alfahari da su. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta yi suna ne don bakaniken kowane ƙauye yana iya kwance ta ya ɗaura. Land Cruiser samfurin 70 ta fito a 1984, har yau ana ƙera ta, kuma ita ce hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji ke oda idan aiki ya kai su inda kwalta ta ƙare. Waɗannan masu oda ba kuɗi suka rasa ba. Sun san mota za ta iya tsayawa a inda babu kwamfutar bincike.

Sai batun amfani. Wani binciken kamfanin J.D. Power na 2015 ya gano cewa cikin na'urori 33 da aka duba, akwai 16 da aƙalla kashi 20 cikin ɗari na masu sabbin motoci ba su taɓa amfani da su ba. Kuɗin kuwa an biya, idan da bashin banki aka saya har da ruwa a kai, idan shigo da ita aka yi har da ƙarin kuɗin kwastan, tunda a kan darajar mota ake lissafi. Maganar cewa ful ofshin ta fi saurin sayuwa gaskiya ce, in ji su, amma saurin sayuwa daban, dawowar kuɗi daban. Mai saye na biyu yana son kujerar fata, sai dai ba zai biya abin da aka biya a masana'anta ba.

Akwai kuma kayan da ƙasa ba ta karɓa. Babban wili mai siririyar taya yana da kyan gani, amma robar da za ta shanye duka ta ragu, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi. Mujallar Car and Driver ta taɓa gwada Volkswagen Golf da wili daga inci 15 zuwa 19, ta ga tazarar da litar mai ke kaiwa ta ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari. Kujera mai ɗumi da sitiyari mai ɗumi rahama ne a Kanada, a Sakkwato kuwa maɓallan sai dai su tsufa ba a taɓa su ba. Babban injin mai silinda shida ko takwas ma ya sauya ma'ana tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai a Najeriya, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000.

Hujjarsu mafi zafi tana kan kamfanonin. A 2022 BMW ya fara sayar da ɗumin kujera da kuɗin wata wata, kimanin dala 18, a wasu ƙasashe. Wayoyin ɗumin suna cikin kujerar tun daga masana'anta, abin da ake biya shi ne a buɗe su. Masu saye suka yi ca, kamfanin ya janye a Satumban 2023. A 2022 ɗin dai Mercedes ya sa dala 1,200 a shekara ga mai son ƙarin saurin tashi a wasu motocinsa na lantarki. Lokacin ƙarancin ƙananan sassan kwamfuta a 2021, General Motors ya cire ɗumin kujera daga motoci da dama, Peugeot ya mayar da agogon gudu mai allura a samfurin 308, motocin kuma suka ci gaba da kai mutane inda za su. Ko babban allon da ake tinƙaho da shi ya fara shan suka: hukumar gwajin karon motoci ta Euro NCAP ta ce daga 2026 mai neman cikakken maki sai ya bar wa sigina, hon, goge gilashi, fitilar haɗari da kiran gaggawa maɓalli ko sanda na zahiri, domin laluben allo yana ɗauke idon direba daga hanya.

Inda kowane ɓangare ya yi tuntuɓe

Masu son mota mai sauƙi suna da gaskiya har zuwa inda sauƙi ya koma rashin kariya. A 2017 ƙungiyar Global NCAP da ƙungiyar masu motoci ta Afirka ta Kudu suka fara yi wa motocin da ake sayarwa a nahiyar gwajin karo, suna ɗaukar mafi ƙanƙantar mataki na kowace. Chery QQ3 ba ta samu tauraro ko ɗaya ba wajen kare babba. A 2018 Nissan NP300 Hardbody ita ma ta tashi da sifili. A 2020 suka haɗa sabuwar NP300 ta Afirka da tsohuwar Navara ta Turai samfurin 2015 gaba da gaba. Ɗakin direban sabuwar ya murƙushe, na tsohuwar ya tsaya. Wanda ya sayi mafi arahar mataki a kasuwar da doka ba ta tsananta ba, zai iya samun motar da ba za a yarda a sayar a Turai ba. Land Cruiser 70 ɗin da suke kafa hujja da ita ma ba ta tsaya inda take ba: an sa mata jakar iska da ABS, a Ostareliya har da birkin gaggawa, gangar jikinta da sauƙin gyaranta kuma suna nan.

Masu cewa a ƙara kuma suna tuntuɓe ne inda suka zuba komai a buhu ɗaya. Hujjar da ta kare jakar iska ba ta kare rufin gilashi. Alkaluman IIHS a kan birki suke, ba a kan lasifika goma sha biyu ba. Kamfanoni sun san wannan rauni, shi ya sa suke ɗaure kaya ƙunshi ƙunshi. Mai son na'urar da ke gargaɗi idan mota na ɓoye a gefe sai a ce masa tana cikin babban mataki, tare da fata da babban wili da rufi mai zugewa. Ya shiga neman kariya ya fito da kayan ado uku da bai nema ba, biyu daga ciki ma ba su dace da hanyarsa ba.

Idan aka auna hujjojin, takardar zaɓi tana rabuwa kashi uku. Na farko abin da ke kare rai kuma ba ya dasuwa daga baya: jakunkunan iska na gaba da na gefe, ABS, na'urar daidaitawa, maƙalar kujerar yara, birkin gaggawa. A nan masu cewa a ƙara sun yi nasara, ko da sai an hau mataki ɗaya sama. Na biyu abin da ke daidaita mota da ƙasar da za ta yi aiki: tsayi daga ƙasa, taya mai kauri, cikakkiyar safaya, lagireto da na'urar sanyi da aka yi don zafi, injin da ke jure man da ake samu kuma akwai mai gyaransa a garin. A nan shawarar bakanike ta fi ta mai talla, kuma sau da yawa zaɓin da ya dace shi ne mai araha. Na uku kayan jin daɗi. Babu laifi mutum ya so su, kuɗinsa ne, sharaɗin kawai ya san cewa kashewa yake yi, ba ajiya ba, kuma kada su ci kuɗin kashi na farko.

Nauyin ya fi yawa a wuyan masu odar motoci da yawa lokaci guda. Jami'in da ke sayo wa ma'aikata ko kamfani motoci hamsin yakan ɗora wa ta shugaba komai, ya zaɓar wa direbobi da ma'aikatan karkara mafi ƙanƙantar mataki, alhali su ne ke kwana a kan hanya. Layi ɗaya a takardar kwangila da ke cewa kowace mota sai da jakar iska ta gefe da na'urar daidaitawa zai tilasta wa dila ya kawo su, kuma bayan shekara biyar ko shida da za a yi gwanjonsu, iyalan da za su saya su gaji wannan kariya.

A filin dillalan nan na Kano, kirarin ful ofshin yana ƙirga fata da rufi da allo, ba kasafai yake ƙirga jakar iska ba. Akwai motocin da ke isowa bayan sun yi hatsari a ƙasarsu, jakar ta riga ta fashe an rufe gurbinta, wani lokaci har an kashe fitilar da za ta tona asiri. Mai saye na iya murɗa makulli ba tare da ya tayar da injin ba, ya zuba wa allon gaban direba ido. Fitilar jakar iska da ta ABS ya kamata su kama, su ɗauki 'yan daƙiƙoƙi, sannan su mutu da kansu. Idan ɗaya ba ta kama ba sam, ko ta kama ta ƙi mutuwa, sai ya dakatar da ciniki ya kira mai na'urar bincike ya duba motar kafin a koma maganar kujerar fata.